RAV4, CR-V, Xterra, 4Runner ko Hilux: wace motar hannu ce za ta yi aikin gari ta kuma shiga ƙauye?

Wanda yawancin zirga-zirgarsa a cikin gari take, amma yana da gona ko garke ko aikin gini da yake dubawa a bayan gari, idan ya tashi sayen motar hannu yakan tsaya ne tsakanin motoci biyar: Toyota RAV4 ta 2006 zuwa 2012, Honda CR-V ta 2007 zuwa 2011, Nissan Xterra ta 2005 zuwa 2015, Toyota 4Runner ta 2003 zuwa 2009, da Toyota Hilux ta 2005 zuwa 2015. A bakin dillali duk mai tsayi jif ce, kuma ko'ina za ta shiga. A kan hanya kuwa gida biyu ne, kuma kuɗin mutane da yawa na salwanta ne wajen shiga gidan da ba nasu ba.

Gidan farko shi ne na RAV4 da CR-V. Bodinsu da shasinsu abu ɗaya ne, tayoyin gaba ne ke ja, sai motar ta ji santsi sannan take tura wa na baya ƙarfi. Wannan ja da tayoyi huɗu shi ake kira taimako, amma ba su da ƙaramar giyarsa, wadda ake rubuta wa 4L. Gida na biyu shi ne na Xterra da 4Runner da Hilux: shasin ƙarfe ne daban aka ɗora bodi a kai, tayoyin baya ne ke turi, kuma masu taimako daga cikinsu suna da 4H, wato taimako a babbar giya, da 4L duka. Na farko sun fi sauƙin mai da daɗin tuƙi. Na biyu sun fi jure duka da kaya, kuma kullum sai an biya wannan juriyar a gidan mai, ko an shiga daji ko ba a shiga ba.

Abin da za a auna kafin a je wajen dillali

Tambayar farko ita ce hanya mafi muni da kake bi, da sau nawa kake binta. Hanyar burji mai gargada da ramuka, tsayin mota da lafiyar ƙafa take nema, ba taimako ba. Santimita 18 zuwa 19 daga ƙasa ya isa yawancin hanyoyin gona da rani. Rairayi mai zurfi irin na arewacin Yobe da Jigawa ko na tsakanin Damagaram da Diffa, da laka mai danƙo ta fadamar Haɗeja da damina, da gangaren dutse irin na ƙauyukan Mambila, su ne wuraren da 4L ke da amfani na gaske, domin tana ba motar ƙarfi a tafiyar hawainiya ba tare da an ƙona kulochi ko an dafa man giya ba.

Ta biyu kaya. Buhu uku na taki a bayan RAV4 ba komai ba ne. Buhu takwas duk mako a kan gargada kuwa, shokozoba da bushin na baya ne za su riƙa biya.

Ta uku mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ma'auni ya hau gaba. A ɗauki mai yin kilomita 40 a rana, kwana 26 a wata, wato kilomita 1,040. Motar da ke yin kilomita 8.5 da lita ɗaya za ta sha wajen lita 122. Mai yin kilomita 6 za ta sha wajen 173. Bambancin lita 50 ke nan duk wata, 600 a shekara. Ka ninka da farashin lita a garinku, ka ɗora a kan kuɗin motar kafin ka ce wannan ta fi waccan araha.

Sai kayan gyara da bakanike. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, kusan komai na waɗannan motoci ana samu. Abin tambaya shi ne idan ta tsaya maka a ƙaramin gari da yamma. A nan Toyota ta yi wa sauran nisa.

Farashi kuwa, tun da darajar naira ta sauya a 2023, duk adadin da aka rubuta yau ba ya daɗewa, don haka jerinsu ya fi amfani. In shekara da lafiya sun yi kusa, Xterra ce a ƙasa, sai CR-V, sai RAV4, sai 4Runner, Hilux kuma can sama. Kowacce ka zaɓa, kada ka ƙarar da kuɗinka a wajen saye. Ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari don taya, juyen dukkan mai, birki da ƙafa.

Toyota RAV4

Injin da ke ciki shi ne rabin maganar. Na 2006 zuwa 2008 mai silinda huɗu, lita 2.4, an san shi da shan baƙin mai saboda ringin fistin da ke toshewa. Shi kansa kamfanin ya amince da matsalar, ma'auninsa kuma kusan lita ɗaya ne cikin kilomita 2,000. Injin ba ya bugawa saboda shan man kansa, yana bugawa ne ranar da mai motar ya yi wata biyu bai zaro sandar awo ba. Daga 2009 aka sa na lita 2.5, wanda ya fi shi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, kuma duk wanda kuɗinsa zai kai, ita ya kamata ya nema. Akwai mai silinda shida, lita 3.5, mai gudu ƙwarai, shan manta ma bai wuce na ƙananan da yawa ba, amma famfon ruwanta yakan yi yoyo kuma wurin ya matse, aikin yana cin kuɗi.

Mai taimako tana da maɓalli kusa da sitiyari da ke ɗaure gaba da baya, yana sakin kansa idan gudu ya wuce wajen kilomita 40. Wannan maɓalli ne ya fifita ta a kan CR-V: kafin ka shiga yashi ko taɓo ka danna, ba sai taya ta fara juyawa a banza ba. Tsayinta wajen santimita 19. A saurari ƙwanƙwasa a sitiyari idan ana juya shi a hankali, a duba bushin ɗin ƙafar baya. Ƙofar but ɗinta gefe take buɗewa da safayar taya a jiki, gargada kuma takan sassauta maƙalanta har ta fara kuka.

Sayar da ita ba ya wahala ko kaɗan, shi ya sa ba a samunta da araha.

Honda CR-V

A cikin biyar ɗin ita ce ta fi daɗin zama da tuƙi a cikin gari, injinta na lita 2.4 kuma mai tsawon rai ne idan ana ba shi man da ya dace. Ita ce kuma ta fi rauni a bayan gari. Tsayinta wajen santimita 17 zuwa 18 da rabi, hancinta ya yi ƙasa, taimakonta kuma ba shi da maɓalli: sai tayoyin gaba sun zame sannan na baya ke kamawa, a cikin rairayi kuwa kafin nan ta riga ta tona wa kanta rami.

Abu uku ake dubawa. Aksul ɗin baya yana da man kansa na Honda, idan ya tsufa ko aka zuba masa man giya na gama-gari, za ka ji gurnani daga baya lokacin da ka karya kwana sosai a hankali. Sau da yawa juye man kawai ke magance shi, amma wasu makanikai sai su cire farfelar da ke kai ƙarfi baya su ce sun huta. Na biyu kwamfiresar sanyi, wadda ita ce sanannen ciwon wannan mota. Na uku ƙafar gaba, wadda ba ta son a yi mata jinkiri idan ta fara ƙara. Wasu na 2010 da 2011 ma suna shan baƙin mai.

Nissan Xterra

Wannan ce ke ruɗa mai saye, domin da kuɗin da bai kai na RAV4 ba zai samu shasi na gaske, injin silinda shida mai lita 4.0, da 4L, da tsayin da ya haura santimita 22, da sifirin a baya mai ɗaukar kaya. A daji ba ta jin kunyar 4Runner. Sai dai araha ba ta ado, kuma dalilan arahar tata sanannu ne.

Babban cikinsu yana kan masu otomatik na 2005 zuwa 2010. Bututun da ke sanyaya man giya yana ratsawa ta cikin lagireto. Idan ya tsage, ruwa ya shiga giya, man giya ya shiga ruwa, giyar kuma ta tafi gaba ɗaya har da na'urar da ke sarrafa ta, wadda a cikinta take zaune. Ana gane wannan da inji a sanyaye: buɗe murfin lagireto da robar ajiyar ruwa, in ka ga abu mai kauri kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, rufe bonet ka tafi, kome aka rage maka. Idan ruwan tas yake, to aikin farko bayan saye shi ne canza lagireton da sabo mai kyau, ko a raba hanyar man giyar da shi a sa mata na'urar sanyaya ta waje. Aiki ne na yini ɗaya, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar kuɗin giya ba. Mai manuwal ba ta da wannan ciwo sam.

Na biyu shi ne sarƙar taimin a waɗannan shekarun. Robar da sarƙar ke gogawa tana cinyewa, sai a ji wani siririn kuka daga gaban inji da ke tashi tare da totur. Gyaran yana buƙatar buɗe gaban injin duka, ba aikin kowane bakanike ba ne. Sai ƙananan abubuwa: sansar da ke sa mota ta mutu tana cikin tafiya, da allurar mai da ke ƙarya. Shan mai kuwa, a cikin gari wajen kilomita 6 a lita, a doguwar hanya 8 da ɗoriya. Ranar sayarwa ma sai ka yi haƙuri, masu nema ba su da yawa. Pathfinder ta 2005 zuwa 2012 inji da giyarsu ɗaya, ciwonsu ma ɗaya.

Duk da haka, Xterra ta 2011 zuwa sama, ko wadda aka riga aka yi wa aikin lagireto, mota ce da mai ƙaramin ƙarfi da ke shiga mugun wuri bai kamata ya raina ba.

Toyota 4Runner

Shasinta ɗaya da na Prado ta wancan zamani, ba tare da kuɗin sunan Prado ba. Mai silinda shida, lita 4.0, sarƙa gare ta. Mai silinda takwas, lita 4.7, bel gare ta da ake canzawa duk wajen kilomita 145,000, taimakonta kullum a kunne yake, kuma tana sha fiye da abin da mai aikin gari zai so. Ga aikin yau da kullum, mai shida ce zaɓi, an fi son ta 2006 zuwa sama, domin na 2003 zuwa 2005 sukan ƙona gasket idan sun tsufa.

Tana da wata falala da Xterra da Hilux ba su da ita: ana iya barin taimakonta a kunne a kan kwalta, wanda ke da amfani a hanyar da ke sauyawa daga kwalta zuwa taɓo da damina.

Abin tsoro a jikinta tsatsa ce. Yawancinsu daga Amurka da Kanada suka zo, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shasin kuma daga ciki yake ruɓewa. A sa ta a ramin gareji, a ɗauki ƙaramar guduma a bi shasin ana ƙwanƙwasawa, musamman wajen ƙafar baya da inda ƙarfen jan tirela yake. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana zubo da ɓawo. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Bayan wannan, ɗan injin da ke shigar da taimako yakan ƙage idan an shekara ba a kunna shi ba, birkin gaba yakan riƙe, wasu kuma suna da shokozoba masu haɗe da bututu ko balan-balan ɗin iska a baya, waɗanda in sun mutu mafita ita ce a mayar da su na gama-gari.

Toyota Hilux

Ba a sayar da Hilux a Amurka, don haka ba ta cikin jerin da ke zuwa da yawa daga can. Wadda za ka samu a kasuwa galibi ta fito ne daga hannun kamfanin gini, ko ma'aikata, ko ƙungiyar agaji, wato direbobi da yawa sun riƙe ta, kuma ba wanda ya tausaya mata. Injin fetur na lita 2.7 da giyar manuwal su ne haɗin da ya fi sauƙin riƙo: ba gudu, ba rigima, kowane bakanike ya san shi. Mai gas ta lita 2.5 ko 3.0 ta fi sauƙin sha da ƙarfin ja, amma nozul ɗinta ba ya yafe gurɓataccen gas, kuma tana da bel ɗin taimin.

A ɗaukar kaya babu mai kama ta a nan. Amma in bayanta ba komai, tsalle take a gargada, kujerar baya a miƙe take, kuma a taɓo bayan yakan zame in ba a sa taimako ba. Akwai kuma marasa taimako da yawa a kasuwa. A duba shasi ko an taɓa yi masa walda, a ƙirga ganyen sifirin ko an ƙara, domin alamar lodin wuce kima ce. Takardun gwanjo da rasit ɗin asali wajibi ne. Ɓarayi na sonta, a hanyoyin da ba tsaro kuma farar Hilux tana jan ido fiye da yadda manomi zai so.

| Mota | Kuɗin saye | Kilomita a lita, gari da hanya | 4L | Kayan gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| CR-V | matsakaici | wajen 8.5 da 11 | babu | da sauƙi a birni | aksul ɗin baya, kwamfiresa |
| RAV4 | sama da CR-V | wajen 8.5 da 11 | babu | ko'ina | shan baƙin mai a 2.4 |
| Xterra | mafi araha | wajen 6 da 8.5 | akwai | manyan kasuwanni | ruwa a giya, sarƙa |
| 4Runner mai shida | mai tsada | wajen 7 da 8.5 | akwai | da sauƙi | tsatsar shasi |
| Hilux 2.7 | mafi tsada | wajen 7 da 9 | akwai | ko'ina | wahalar da ta sha a baya, sata |

Waɗannan alƙaluma na mota mai lafiya ne. Cunkoso da sanyi a kunne za su rage su.

Dubawar da ta shafi dukkansu

Kada ka yarda da rubutun da ke jikin but. Duk biyar ɗin akwai marasa taimako, kuma ana manna tambari. A RAV4 da CR-V, leƙa ƙasa ka ga farfelar da ta tafi baya da sandunan da suka shiga tayoyin baya. A sauran ukun, aksul ɗin gaba za ka nema. Sannan a fita da motar kan ƙasa, a sa 4H ana tafiya a hankali, a tsaya a sa giya a firi a shiga 4L, fitilar ta tsaya cak ba tana ƙyaftawa ba. Dillalin da ya ce "ai ba a taɓa amfani da shi ba, sabo ne" labarin matsala yake ba ka.

A motocin Amurka, harafi na goma a lambar shasi shi ne shekara: 6 na nufin 2006, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Da shi ake kama motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. Agogon tafiyarsu da mil yake ƙirga, a ninka da 1.6. Lambar ta dace da ta takardun kwastan harafi da harafi, kuma a tabbatar da biyan dutin kafin kuɗi su fita. A ɗaga kafet, a duba ƙarafan ƙarƙashin kujera: laka ko tsatsa a wurin alamar ambaliya ce, wutar irin wannan mota kuwa ba ta ƙarewa da gyara.

Idan motar ta yi aiki a gida, duba ko an cire mata tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, ana zuba ruwan rijiya a lagireto. Wannan al'ada tana ƙara shan mai, tana cinye inji a hankali, sau da yawa kuma tafasa ake ɓoyewa da ita. Haka zuba baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta wa 5W-20 ko 5W-30.

Taya huɗu su zama girma ɗaya, zai fi kyau iri ɗaya, in ba haka ba taimakon ne ke wahala. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya mai ƙaton zane da rage iska zuwa wajen 20 kafin shiga rairayi suna fitar da RAV4 daga inda Hilux mai sulɓaɓɓiyar taya da iska 40 za ta kafe, in dai akwai famfon mayar da iskar kafin a hau kwalta. Xterra da Hilux kuma ba a barinsu a 4H a busasshiyar kwalta.

Wa ya dace da wace

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke cikin gari kullum, gonarsa a kan burji take, yana zuwa ƙarshen mako da iyali ko 'yan buhuna: RAV4 mai lita 2.5 da taimako. Mafi yawan masu wannan tambaya a nan suke, ko da ransu na kan babbar mota. Idan hanyar ba ta da yashi kuma kuɗin bai kai ba, CR-V mai lafiya ta fi RAV4 mai shan baƙin mai.

Wanda duk mako sai ya ratsa rairayi ko fadama, mutane yake ɗauka fiye da kaya, kuma zai riƙe motar shekaru: 4Runner mai silinda shida, bayan guduma ta wanke shasinta. In kuɗin bai kai ba, tafiyar gari kuma ba ta da yawa, akwai bakanike a kusa da ya san Nissan, to Xterra, da sharaɗin lagireto tun makon farko.

Wanda motar ce ke kawo kuɗin, tana ɗaukar taki, siminti, injin ban ruwa ko amfanin gona kusan kullum, Hilux mai fetur da manuwal zai saya, ya sa mata na'urar bin sawu, ya kuma canza kulochi da bushin ɗin sifirin kafin damina ta faɗi.